Tambayoyi Huɗu da Ke Hana Ɗan Adam Barci

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, Ƙofar Mata, Kano

 

Gabatarwa

Da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takardar gayyata, mun zaci za a ce mu yi magana a kan azuzuwa da kujeru da albashin malamai, kamar yadda aka saba ɗora wa tsohon hedimasta. Sai aka bar mana zaɓi. Don haka muka ɗauko wani al'amari da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, wani tsohon ɗalibinmu ya tare mu a bakin hanya. Yaro ne mai hazaƙa, ya gama jami'a, ya yi bautar ƙasa, shekara uku ke nan yana zaune a gida. Ba yunwa yake ji ba, domin ana ɗora tukunya a gidansu safe da dare. Bayan ya durƙusa ya gaishe mu, sai ya ce, "Baba Malam, don Allah wai mene ne amfanin duk wannan abin? Na tashi, na ci, na zauna a majalisa, na kwanta. In na mutu gobe, me aka rasa?" Muka ce masa ya yi haƙuri, muka sa masa albarka, muka wuce. Amma a daren nan barci bai ɗauke mu ba, domin mun san tambaya ya yi mana, mu kuma muka sallame shi da addu'a kawai.

Wannan tambaya tana da masana da suka ƙarar da rayuwarsu a kanta. Akwai wani reshe na ilimin halayyar ɗan Adam da ya ginu a kan ita kanta samuwar mutum a duniya. Larabawa suna kiran falsafar da ta haife shi wujudiyya, daga kalmar wujudi, wato samuwa. Manufarmu a yau ita ce mu gabatar da ginshiƙan wannan ilimi cikin harshenmu, mu auna su da abin da muka gada, sannan mu ga darasin da ƙungiyarmu za ta ɗauka.

Tushen Wannan Ilimi

Masana sukan fara ƙirga daga Soren Kierkegaard, mutumin ƙasar Danmak, wanda ya rayu daga 1813 zuwa 1855. A wani littafi da ya fitar a 1844 ya kamanta fargabar ɗan Adam da jirin da ke ɗibar wanda ya leƙa rami mai zurfi. A ganinsa, abin da ke kawo jirin shi ne sanin da mutum ya yi cewa yana da zaɓi. Daga baya likitocin ƙwaƙwalwa suka shigo da wannan tunani ɗakin duba marasa lafiya. Rollo May, Ba'amurke, ya yi doguwar jinyar tarin fuka, a kan gadon jinyar ya yi ta karanta Kierkegaard, a 1950 kuma ya fitar da littafinsa kan ma'anar fargaba. Ya bambance fargaba iri biyu: ta al'ada, wadda kowane mai rai ke ji idan ya tunkari babban al'amari, da ta cuta, wadda kan taso idan mutum ya yi ta gudun ta farkon.

Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa Bayahude daga birnin Biyana na ƙasar Austiriya, wanda aka haifa a 1905, ya rasu a 1997. Kafin shi an yi manyan masana biyu a wannan birni. Sigmund Freud ya ce babban abin da ke jan ɗan Adam shi ne neman jin daɗi. Alfred Adler ya ce neman fifiko ne. Frankl ya ce akwai abin da ya fi su zurfi, wato neman ma'ana. A 1942 gwamnatin Hitila ta kama shi da iyalinsa. Ya zauna a sansanoni huɗu, ciki har da Auschwitz, har aka 'yanto shi a watan Afrilu na 1945. Mahaifinsa da mahaifiyarsa da ɗan'uwansa da matarsa duk sun halaka a sansanonin. A 1946 ya fitar da littafin da ya bayyana abin da ya gani, wanda aka fassara zuwa harsuna masu yawa.

Sai Irvin Yalom, malamin jami'ar Stanford a Amurka, wanda a 1980 ya tattara wannan ilimi ya ce abubuwa huɗu ne ke ƙarƙashin damuwar kowane mutum: mutuwa, zaɓi, kaɗaici, da neman ma'ana.

Wajibi ne mu yi wani tsokaci a nan. Wasu daga cikin masu wannan falsafa, irin su Jean-Paul Sartre na Faransa, ba su yi imani da Allah ba, kuma ba mu tare da su a wannan. Wasunsu kuwa, kamar Kierkegaard da Frankl, masu addini ne. Mu dai a kwalejin horon malamai an koya mana a sheƙe hatsi kafin a kai shi turmi. Za mu ɗauki tsaba mu bar ƙaiƙayi.

Ta Farko: Mutuwa

Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa. Kowa ya san haka da baki, amma masanan nan sun lura cewa ɗan Adam yana da dabarun ɓoye wa kansa wannan sani. Wani yakan nutse cikin tara dukiya, wani cikin neman suna, wani kuma ya riƙa ji a ransa cewa shi dai na daban ne, abin da ke samun mutane ba zai same shi ba. Yalom ya yi aiki da masu ciwon daji da suka san kwanansu ya ƙarato, ya kuma ga cewa da yawansu a lokacin ne suka gyara rayuwarsu: suka daina ɓata lokaci a kan abin da ba shi da amfani, suka shirya da waɗanda suka ɓata da su.

Mu mutanen birni ba baƙi ba ne ga wannan darasi. Ba mu manta watannin Afrilu da Mayu na 2020 ba, lokacin annobar korona, da Kano ta yi ta binne dattawanta, malamai da 'yan boko da attajirai, wani bayan wani. Mutane da yawa a cikinmu sun ɗauki alkawura a kwanakin nan, cewa za su sada zumunci, za su biya bashi, za su raba gadon da aka daɗe ana ja. Nawa ne suka cika? Imam Gazali ya rufe babban littafinsa Ihya'u Ulumiddin da babin tuna mutuwa, kuma waƙoƙin wa'azi na Shehu Usmanu da Nana Asma'u cike suke da wannan tunatarwa. Abin da likitocin suka ƙara shi ne shaida daga ɗakin jinya, cewa wanda ya yarda kwanansa ƙidayayye ne ya fi sanin darajar yininsa.

Ta Biyu: Zaɓi da Alhakinsa

Babu wanda ya zaɓi iyayensa, ko unguwar da aka haife shi, ko zamanin da ya zo a ciki. Mun yi imani da ƙaddara. Sai dai a cikin abin da aka ƙaddara mana an bar mana fili, kuma a kan wannan fili za a yi mana hisabi. Frankl ya shaida cewa ko a sansanin da aka ƙwace wa mutum suna aka ba shi lamba, akwai waɗanda suke zagayawa suna lallashin 'yan'uwansu, suna ba da ragowar burodinsu. Daga nan ya fahimci cewa akwai 'yancin da ba a iya ƙwacewa, shi ne yadda mutum zai tunkari abin da ya same shi. Shi kansa a 1941 ya sami bizar tafiya Amurka, amma ya bar ta ta ƙare a hannunsa domin kada ya bar tsofaffin iyayensa.

Tarihinmu yana da irin waɗannan mutane. Wajen 1806 zuwa 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a. Ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso nan Kano, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam, daga baya ya koma wurin ɗan'uwansa. Ya zo ne yana gudun duniya, sai buƙatar mutanen Kano ta mayar da shi bakin aiki. Haka kuma a 1950 Malam Aminu Kano ya ajiye aikin koyarwa a kwalejin horon malamai ta Maru, aiki mai albashi da daraja a wancan zamani, ya shiga gwagwarmayar talakawa, ya kuma ɗauki duk abin da ya biyo baya.

Abin da ke damun mu shi ne yadda muka mayar da kalmar ƙaddara mafakar lalaci. Yaro ya faɗi jarrabawar da bai yi wa karatu ba, a ce haka Allah ya so. Magudanar ruwa ta toshe da sharar da muka zuba da hannunmu, gida ya rushe da damina, a ce tsautsayi. Iyayenmu da suka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune ba su jahilci ƙaddara ba. Masanan nan suna cewa ƙin yin zaɓi shi ma zaɓi ne, kuma mai shi zai biya kuɗinsa.

Ta Uku: Kaɗaici

A nan wani zai ce, ina kaɗaici a cikin birni, inda gida ɗaya ke ɗauke da mutum talatin? Yalom ya bambance rashin abokan zama da wani kaɗaici mai zurfi wanda taro ba ya kore shi. Kowa shi kaɗai ya zo, shi kaɗai zai koma. Komai son da uwa ke yi wa ɗanta, ba za ta iya karɓar masa zazzaɓi ba. Ranar Sallah dubban mutane kan cika filin Idi na Ƙofar Mata, kafaɗa da kafaɗa, amma kowa da abin da ya kwana da shi a zuciya, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masanan ba su ce akwai maganin da zai kawar da wannan kaɗaici ba. Sun ce ana iya ɗaukar sa idan mutum ya sami wanda zai saurare shi da gaske. A nan ne muke da rauni. Muna da gaisuwa mai tsawo, amma amsarta ɗaya ce: lafiya lau. Kunya da kara, waɗanda ado ne a gare mu, sukan hana ɗa ya gaya wa ubansa cewa zuciyarsa ta yi nauyi, su hana matar aure ta faɗi abin da ke cin ta. Ku kuma 'yan'uwanmu mazauna Abuja da Legas kun fi mu sanin gidan da maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Tura saƙon barka da Juma'a a WhatsApp abu ne mai kyau, amma har gobe zumunci a ƙafa yake. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gwada wannan a Aro, kusa da Abekuta, inda ya zaunar da masu taɓin hankali a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, tsarin da ya ja hankalin duniya. Ya nuna cewa jama'a ma wani ɓangare ne na magani.

Ta Huɗu: Ma'ana

Wannan ita ce tambayar ɗalibinmu, kuma a kanta za mu ɗan daɗe. Frankl ya ce idan mutum ya rasa dalilin da zai tashi dominsa da safe, wani gurbi yakan buɗe a cikinsa. Mu sai mu kira shi kangon zuciya. Kango kuwa ba ya zama haka nan, in ba a shige shi ba macizai za su shiga. Ya ambaci abubuwa uku da kan cika wannan kango: baƙin ciki mai tsanani, tashin hankali, da shaye-shaye. Jama'a, ko akwai wanda bai ga waɗannan uku a lungunanmu ba? A 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa, har da matan aure, suka mayar da shi abin sha. Binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya, da taimakon ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda. Talauci da rashin aiki suna da babban kaso a cikin wannan, ba mu musa ba. Amma mun ga 'ya'yan masu hali a cikinsu, waɗanda ba su rasa komai ba sai abin da za su rayu dominsa.

Kangon ba na matasa kaɗai ba ne. Litinin ta farko bayan mun yi ritaya, mun tashi da asuba, mun yi wanka, mun sa riga da hula, sai muka tsaya a soro muka rasa inda za mu. Shekara talatin da biyar ƙararrawar makaranta ce ke gaya mana ko mu wane ne. Duk wani ma'aikaci a cikinku ya shirya wa wannan Litinin.

Frankl ya ce ana samun ma'ana ta ƙofa uku: aikin da mutum ya yi, mutumin da ya ƙaunata, da yadda ya ɗauki wahalar da ba ta da makawa. Ya ba da labarin mutum biyu a sansani da suka yanke ƙauna har suna tunanin kashe kansu. Da aka zauna da su, sai aka gano ɗaya yana da ɗa da ke jiran sa a wata ƙasa, ɗayan kuma masanin kimiyya ne da ya fara jerin littattafai bai kammala ba. Da kowannensu ya tuna akwai abin da ke jiran sa wanda ba mai iya yi masa, sai ya fasa. Dangane da ƙofa ta uku kuwa, ya yi gargaɗi cewa wahalar da ake iya kawarwa, kawar da ita shi ne wajibi. Haƙurin da muke yabo shi ne na abin da ya fi ƙarfin mutum.

Ga mumini, babbar manufar rayuwa sananniya ce, ita ce bautar Allah. Amma bautar tana bayyana ne a cikin ayyukan yini, kuma unguwarmu ta san haka tun da daɗewa. Tarihin da aka saba bayarwa ya ce an kafa marinar Ƙofar Mata a 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a nan suna kaiwa har Tarabulus da Tambutu. Yaron da ya tashi a karofi a wancan zamani ya san yadda ake haɗa baba da toka da katsi, ya san riƙon muciya, ya san cewa zane yakan fito daga rijiya da ɗan kore-kore sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa, a sake fitarwa, har launi ya kama. Ya san wanda ya koya masa, ya san wanda zai koya wa, ya san akwai Buzu a can cikin Sahara da ke jiran rawaninsa. Wannan yaro yana da wahala, amma bai taɓa tambayar me aka rasa in ya mutu ba.

Daga baya yadin kanti da rinin zamani suka janye kasuwa, rijiyoyi da dama suka bushe, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa da suka ɗauki dubban ma'aikata su ma yawancinsu suka rufe. Mun yi ta lissafin kuɗin da aka rasa. Ba mu lissafa cewa tare da sana'ar an rasa amsar da unguwa ke ba ɗanta idan ya tambayi amfaninsa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ƙungiyarmu ta saba da aikin gayya irin na kwalbati da rijiyar burtsatse da kuɗin jarrabawa, Allah ya saka wa masu bayarwa. Muna roƙon a ƙara abubuwa huɗu.

Na ɗaya, kowane ɗan unguwa da ke aiki a wani gari ya ɗauki matashi guda, ya san sunansa, ya riƙa kiran sa ko da sau ɗaya a wata, ya tambaye shi abin da yake son zama, ya kuma saurari amsar.

Na biyu, mu daina kiran matasa taro don mu yi musu faɗa kawai. Mu damƙa musu aikin da in ba su yi ba za a ga gurbinsu: darasin yamma ga 'yan aji shida, kula da tsofaffin da ba su da mai ɗebo musu ruwa, rubuta tarihin marina daga bakin dattawan da suka rage kafin ƙasa ta rufe musu ido. Frankl tun yana ɗalibin likita, wajen 1928 zuwa 1930, ya buɗe wuraren ba matasa shawara kyauta a Biyana, musamman a lokacin da ake raba sakamakon jarrabawa. Soro ɗaya da tabarma biyu sun ishe mu farawa.

Na uku, masu shirin ritaya su dawo da iliminsu gida. Unguwa na buƙatar su, su ma suna buƙatar ta.

Na huɗu, mu san iyakarmu. Wanda ya daina ci, ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara zancen kashe kansa, nasiha kaɗai ba ta ishe shi ba. A yi masa addu'a, a kuma kai shi ga likita, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Ciwo ne kamar hawan jini, ba abin kunya ba ne, kuma tun watan Janairu na 2023 ƙasar nan ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta tanadi haƙƙin irin waɗannan majinyata.

Kammalawa

Bayan mako guda mun aika an kira mana ɗalibin nan. Muka ba shi haƙuri a kan yadda muka sallame shi, muka zauna muka saurare shi har aka kira magariba. Daga nan muka gaya masa akwai yara tara a lungunsu da za su zauna jarrabawar shiga sakandare ba su iya raba dogon lissafi ba, mu kuma idonmu ya yi rauni. Ya karɓi allo da alli. Har yanzu bai sami aikin gwamnati ba, kuma ba za mu ce damuwarsa ta ƙare ba. Sai dai ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, yaran nan tara sun je har ƙofar gidansu suna sallama, suna tambayar ko Malam lafiya.

Irinsa suna da yawa a tsakanin ganuwar nan, kuma wasunsu 'ya'yanmu ne na cikinmu. Allah ya ba mu ikon sauraron su, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan magabatanmu, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne, a gafarce mu.